Sauran Wata Huɗu

Ranar Laraba da hantsi Gladys ta ɗora gilashin gwajin mahaifiyarta a ƙarƙashin madubin duba ƙwayoyin cuta, ta rufe ido ta yi gajeruwar addu'a, sannan ta duba. Wata biyu da suka wuce, a kan wannan kujera, a ɗakin gwaji na ƙaramin asibitin da take aiki a Zuru, ta ga ƙwayoyin tarin fuka a cikin kakin Mama, jajaye siri-siri kamar guntayen zare, sun cika ko'ina. Yau shuɗi kawai take gani. Ta bi gilashin a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, wuri ɗari, yadda aka koya musu a jami'a. Ba ta ga ja ko ɗaya ba. Ta sake daga farko, sannan ta ɗauki biro ta rubuta cewa ba a ga ƙwayar cuta ba.

Ta kai takardar wurin Fadima, nas ɗin da ke raba maganin tari. Fadima 'yar Argungu ce, ta girmi Gladys da kusan shekara goma, kuma ba ta iya magana a hankali ba.

"Alhamdu lillahi! Tsohuwa ta yi ƙoƙari. To ke mi ya sa kinka tsaya haka kamar wadda anka aiko da saƙon mutuwa?"

"Murna nake yi, Anti."

"Haka kuke murna a Zuru? Allah ya sawwaƙe."

Fadima ta ja takardar, ta rubuta a ƙasan rubutun Gladys cewa a ci gaba da shan magani har wata huɗu, ta sa hannu. Ta zuba sabbin ƙwayoyin a leda ta miƙa mata.

"Na san kin sani, amma ki gaya mata. Rashin ganinsu a gilashi ba ƙarewarsu ba ne, waɗanda sunka rage laɓewa sunka yi. In ta bari yanzu suna iya dawowa, kuma in sunka dawo ba lalle su ji wanga magani ba. Kin ji ni, ɗiyata?"

"Na ji, Anti."

Mahaifiyar Gladys, Rebecca, matar soja ce da mijinta ya rasu a bakin aiki, kuma shekara goma sha shida ita ke ba da waƙa a zumuntar mata ta ikilisiyarsu. Da tarin ya kama ta, murya ya fara ɗauke mata. Tun daga lokacin Gladys take kawo mata ƙwaya da ruwa kowace safiya ƙarfe shida, ta tsaya ta ga ta haɗiye, ta yi maki a katin asibiti.

Mako uku da suka wuce aka yi falkaswa a cocinsu, wato taron wa'azin farfaɗo da bangaskiya. Wani mai bishara ya zo daga nesa, ya ɗora wa marasa lafiya hannu, ya sa aka ajiye babban daro a gaban bagadi, teburin nan na gaban coci, ya ce duk wanda ya gaskata ya warke ya jefa maganinsa a ciki. Ya tafi, daron bai tafi ba. Kowace Lahadi sai an fito da shi. A makon falkaswar ne kuma muryar Rebecca ta fara dawowa, kowa ya ji.

Da yamma Gladys ta sami Mama a gindin mangwaro tana gyaran wake, ta gaya mata sakamakon. Mama ta ajiye faifai, ta ɗaga hannu sama, ta faɗi wani abu da C'lela, yarensu na Zuru, wanda kuka ya cinye rabinsa. Sannan ta karɓi takardar, ta ninke, ta ƙulle a bakin zaninta.

"Mama, akwai sauran wata huɗu."

"Na ji."

"Ga sabon maganin, wannan ya fi na da sauƙi."

"Na ce na ji, likita."

Washegari da la'asar mata shida suka shigo gidan da waƙa. A gabansu Maman Glory ce, uwar zumunta, doguwar mace mai faɗin kafaɗa wadda ko fasto ba ya katse mata magana. Gladys tana kicin tana fatan ba za a neme ta ba.

"Ina 'yarmu? Ina likitar ikilisiya? Fito, na ga ƙafarki."

Gladys ta fito, ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Takardar tana hannun Maman Glory.

"Glory ta karanta mini wannan. Da hannunki kika rubuta?"

"E, Mama."

"Da idonki kika duba?"

"E."

"Kin ga wani abu?"

"Ban gani ba, amma..."

"To kun ji! Na'urar Bature da kanta ta nema ta rasa."

Aka rangaɗa guɗa har kajin gidan suka watse. Maman Glory ta jira aka lafa.

"Ranar Lahadi taron gunduma ne, matan Manga za su zo, na Danko za su zo. Uwarki za ta ba da shaida, ta ajiye sauran maganin a daro. Ke kuma za ki karanta takardar nan a gaban jama'a. Mu in mun faɗa, sai a ce tsofaffi ne, ba su yi boko ba. Ke kin je jami'a. Bakinki ya fi namu nauyi."

"Mama, maganin ne ya rage su. In ta bari yanzu..."

"Wane magani?" Wadda ta katse ta Maman Success ce, maƙwabciyarsu mai sayar da daddawa. "Wanda ke sa ta fitsarin jini? Ni na zubar da fo ɗinta lokacin da take kwance. Ja wur, da idona na gani."

"Ba jini ba ne, Mama. Kalar ƙwayar ce take fita."

"Kala! Wata biyu mace tana zubar da jini, 'yarta tana tsaye a kanta da kati tana maki kamar malamar firamare."

Matan suka yi dariya, har da Mama, kaɗan.

Maman Glory ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Gladys, matso kusa. Lokacin da uwarki take tofar da jini, dangin ubanki suka daina shan ruwa a gidan nan, su wa suka riƙa zuwa?"

"Ku ne, Mama."

"Su wa suka nome mata gonar dawa bana?"

"Ku ne."

"To mu ba maƙiyanta ba ne. Amma ki gaya mini, wanda Ubangiji ya warkar, in ya ci gaba da haɗiyar magani, me yake gaya wa Ubangiji? Cewa yake yi ban yarda da aikinka ba. Kina so uwarki ta faɗa masa haka?"

Gladys tana da amsa. Ta ji ta a ƙirjinta, a shirye, amma idanu goma sha biyu suna kanta, kuma duka idanun matan da suka goya ta ne. Ta dubi Mama. Mama tana kallon ƙafarta. Aka kama hannu aka yi addu'a, aka ce amin, Maman Glory ta mayar wa Gladys takardar ta ce ta adana ta da kyau.

Ranar Asabar da safe ta je gidan Fasto Philemon. Ta same shi a tsugune yana matsa sarƙar babur ɗinsa, hannunsa duk baƙin mai. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta, tana kallon tayar babur ɗin don ta fi sauƙin kallo.

Ya saurare ta har ta gama. Ya goge hannu da tsumma.

"'Yata, ba sai kin koya mini ba. Ni ma ina shan na hawan jini kowace safiya."

"To Baba Fasto, ka gaya musu."

"A ɗaki nake sha." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Daron nan ba ni na kawo shi ba. Amma ranar da na ɗauke shi, rabin matan nan za su koma inda ake ajiye daro biyu. Su ne ikilisiyar, ni haya nake."

"To me zan yi?"

"Layin sama, wanda kika rubuta, gaskiya ne ko ƙarya?"

"Gaskiya ne."

"To ki karanta shi ki zauna. Ba ki yi ƙarya ba. In an kwana biyu ki lallaɓa ta a gida, ta riƙa sha ba wanda ya sani."

"Baba Fasto, ka san Mama. In ta yi alkawari a gaban bagadi, ko mutuwa za ta yi ba za ta karya ba."

Ya koma kan sarƙarsa.

"Ina ake kai abin da aka jefa a daron?" in ji Gladys.

"Ƙonawa ake yi a bayan coci, da an tashi sujada."

Ranar Lahadi ƙarfe shida Gladys ta kawo ruwa da ƙwaya uku. Mama ta riga ta ɗaura zanin zumunta. Ta ce yau azumi take yi sai bayan shaida. Ta ɗauki ledar maganin gaba ɗaya daga kan tebur, ta sa a jakarta, ta fita ba ta waiwaya ba.

Cocin ya cika har tagogi. An yi ruwa da asuba, takalma sun shigo da jar laka, mata fiye da ɗari uku cikin zani iri ɗaya. Masu kiɗan tulu sun jeru a gaba, masu caki a bayansu. Daron yana wurinsa, da 'yan kwalabe da ƙwayoyi a ciki tun kafin a fara.

Bayan wa'azi aka kira Rebecca. Ta ba da labarin tarin, da daren da ta raba wa 'ya'yanta kayanta don ta ɗauka ba za ta ga safiya ba, da matan da suka zo lokacin da wasu suka gudu. Sannan ta ɗaga waƙa. Muryar ta fito cikakkiya, ta da, wadda Gladys ta ɗauka ba za ta sake ji ba. Gladys ta ga hawaye yana ɗiga a kan takardar da ke cinyarta. Ita ma godiya take yi, da dukan zuciyarta.

"Yanzu 'yarmu likita za ta gaya mana abin da asibiti ya gani," in ji Maman Glory.

Daga bencinta zuwa gaba bai fi taku ashirin ba, amma Gladys ta ji kowane ɗaya. Aka ba ta makirfo. Ta buɗe takardar, ta fassara layin farko da Hausa.

"An duba kakin Rebecca Kefas. Ba a ga ƙwayar cuta ba."

Cocin ya ɗauka. Guɗa, tuluna, caki, mata suka miƙe tsaye. Maman Glory ta miƙo hannu don ta karɓi makirfon. Gladys ba ta saki ba.

"Akwai layi na biyu. A ci gaba da shan magani har wata huɗu."

Ko ita kanta ba ta ji muryarta ba. Ta sake faɗa da ƙarfi. Na bencin gaba suka ji, wasu suka dubi juna. Maman Glory ta ɗaga wa masu tulu hannu, kiɗan ya ƙaru, wata ta zare makirfon daga hannun Gladys kamar ana karɓe wuƙa daga hannun yaro.

Matan suka kewaye Mama suna rawa, suna tura ta a hankali zuwa bagadi, wannan ta dafa kafaɗarta, waccan ta riƙe mata gwiwar hannu. Mama ta fito da ledar. A bakin daron ta tsaya, ta juyo ta nemi fuskar Gladys sau ɗaya. Sai ta saki.

Gladys ba ta tuna ta yanke shawara ba. Ta dai ga kanta tana ratsa matan, ta hau matakala biyu, ta sunkuya, ta sa hannu a daron ta ɗauko ledar.

Masu tulu na gaba ne suka fara tsayawa, sannan na bayansu. Caki ɗaya ya ci gaba shi kaɗai na ɗan lokaci, shi ma ya yi shiru.

Maman Glory ta kama wuyan hannunta. "Ajiye. Abin da aka kawo gaban Ubangiji ba ya komawa gida."

"Ba zan ajiye ba, Mama."

"Me kika ce?"

Babu makirfo, amma shirun ya kai muryar Gladys har ƙofa.

"Ni na duba gilashin nan. Kafin in duba na yi addu'a, yadda kuka koya mini. Wata biyu da suka wuce ma na yi addu'a, na duba, na ga ƙwayoyin sun cika shi. Tsakanin wancan gilashi da wannan akwai addu'arku, akwai kuma maganin nan, kowace safiya. Ban san yadda zan raba su ba, ku ma ba ku sani ba. Kun ce in faɗi abin da ke takarda. Layi biyu ne a takardar, kun yi guɗa a kan ɗaya."

"Boko ya cinye mata bangaskiya," wata ta faɗa daga baya.

"'Yar wa ce wannan?"

"A fitar da ita mana!"

Maman Glory ta ƙara matse hannun. "Yarinya, a gaban baƙi? A gaban bagadi?"

"In kun ƙona wannan, gobe zan karɓo wani. In kun ƙona shi, jibi in karɓo wani. A can nake aiki, Mama."

Wani dattijo ya yi tari mai kama da dariya, ya rufe baki. Fasto Philemon yana zaune a kujerarsa yana duba agogon hannunsa.

Maman Glory ta saki hannun. Ta juya wurin Mama. "Rebecca, 'yarki ce. Ke kika ajiye, ke za ki faɗa."

Mama ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na ajiye." Sannan da C'lela, ƙasa-ƙasa, ta ce wa Gladys ta fita.

Gladys ta sauko ta bi tsakiyar cocin da ledar a ƙirjinta. Matan da ke bakin hanya suna janye zannuwansu kada ta taɓa su. Ba ta yi gudu ba, ko da yake ƙafafunta sun so. Tana fita ta ji an sake ɗaga waƙa, amma ba muryar Mama ba ce.

Yinin ranar Mama ba ta yi mata magana ba. Ba ta ci tuwon da Gladys ta yi ba.

Litinin ƙarfe shida Gladys ta zo ƙofar ɗakin Mama da kofin ruwa da ƙwaya uku a murfin kwano. Ba ita ta fara isowa ba. Maman Glory da Maman Success suna zaune a benci a tsakar gida, sun ce addu'ar safe suka zo yi wa 'yar'uwarsu. Gladys ta durƙusa ta gaishe su. Ba su amsa ba. Ta shiga ɗakin ta bar ƙofa yadda ta same ta, rabi a buɗe.

Mama tana zaune a bakin gado, ta juya wa ƙofa baya. Gladys ta zauna a ƙasa, ta ajiye kofin a tsakaninsu.

"Kin kunyata ni a gaban Manga da Danko."

"E, Mama."

"E, Mama. Tun kina ƙarama in baƙo ya zo sai ki shige bayan zanina. Jiya ina kika samo baki?"

"Ban sani ba."

"Na yi alkawari a gaban bagadi."

"Na gani. Ni ma na sa hannu cewa zan ga kin haɗiye kowace safiya. Jiya ta wuce mu. Yau ba zan tafi aiki ba sai na gani."

"Sai su kore ki."

"Sai su kore ni, in zauna nan muna kallon juna."

Mama ta yi tsaki. Ta juyo kaɗan, ta dubi ƙwayoyin.

"Waɗannan da kika ce sun laɓe. Kin gan su?"

"A'a."

"To yaya aka yi kika san suna nan?"

"An bi mutane da yawa da suka bari a wata biyu, an ga abin da ya same su. Ni ma na ga biyu sun dawo asibitinmu. Ɗaya, da ya dawo, maganin bai ƙara yi masa aiki ba. An binne shi kafin bikin Ista."

"Ashe ke ma kina gaskata abin da ba ki gani ba."

"Na ga mutumin, Mama. Ni na duba kakinsa."

Daga waje Maman Success ta ɗaga murya. "Rebecca, muna jiranki fa. Rana tana yi."

Mama ta rage murya. "Jiya ban so sakin ledar nan ba. Na riƙe ta, na riƙe. Amma hannaye sun yi yawa a bayana. Ke ba ki sani ba, in mutanen da suka ɗauke miki fo suka ce ki yi abu..." Ba ta ƙarasa ba. "Je ki tura ƙofar."

Gladys ta miƙe. Ta kama ƙofar za ta rufe.

"Tsaya."

Mama tana kallon ƙofar, tana kallon kofin. "In na sha a ɓoye, ranar Lahadi in je in tsaya a gabansu ina waƙa, su suna ganin na bari? Shekara hamsin da huɗu ban yi wannan rayuwar ba." Ta gyara ɗaurin zaninta, ta miƙe. "Ba ni."

Ta ɗauki kofin a hannu ɗaya, murfin kwanon a ɗaya, ta fita tsakar gida. Gladys ta bi ta.

"Kun kwana lafiya, Maman Glory? Maman Success, ya gajiyar jiya? Tunda addu'a kuka zo yi, ga wannan, ku sa masa albarka."

Maman Glory ta miƙe tsaye. "Rebecca, kin san abin da kike yi? Jiya a gaban mata ɗari uku kika ajiye."

"Na ajiye. Ban yi daidai ba. In kina so ranar Lahadi in tsaya a gaban ɗari ukun in faɗa, zan faɗa."

"Yarinyar nan ce ta juya miki kai."

"Kaina yana nan inda yake. Ubangiji ya warkar da ni, ban janye ko kalma ɗaya daga shaidata ba. Amma bai gaya mini ya gama ba. Ku kuka gaya mini."

"In kika haɗiye abin nan, wata ce za ta ba da waƙa daga yau. Ba ni kaɗai na faɗa ba, mun zauna jiya."

Shekara goma sha shida Mama take ba da waƙar nan. Gladys ta buɗe baki, sai ta rufe, don wannan ba nata ba ne.

"To ta bayar," in ji Mama. "Ku ce mata ta daina farawa da sama-sama, tsofaffi ba sa iya kamowa."

Ta jira ko ɗayarsu za ta yi addu'ar. Da ba wadda ta yi, sai ta rufe ido ta yi da kanta, irin wadda take yi a kan tuwo, ta gode wa wanda ya bayar, da kuma hannun da ya kawo. Ta ce amin ita kaɗai. Ta watsa ƙwayoyin uku a baki, ta kora da ruwa, ta buɗe bakin ta nuna musu babu komai a ciki.

Maman Glory ta ɗauki jakarta. Ta nufi ƙofar gida, ta fice. Maman Success ta bi ta tana gyara ɗankwali, ba ta yi sallama ba.

Mama ta zauna a bencin da suka tashi. Ta daɗe tana kallon ƙofar gidan, hawaye yana bin kumatunta ba ta share ba. Gladys ta matso za ta zauna kusa da ita.

"Kada ki zauna. Tafi aikinki." Ta miƙa mata kofin ba ta dube ta ba. "Gobe ki ɗan ɗumama ruwan, wannan ya yi mini sanyi a haƙori. Kuma yau kada ki yi mini magana, har yanzu ina fushi da ke."